Gubar da muke zubarwa da hannunmu

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa, musamman masu neman halak a Panteka, da kanikawan Kakuri da Tudun Wada da Rigasa, da 'yan gwangwan masu tura baro layi-layi, da masu gyaran batir. Da ku nake yau. Sana'arku ba abin raini ba ce, ta fi zaman kashe wando nesa ba kusa ba. Sai dai akwai abubuwan da muke yi a cikinta waɗanda doka ta hana, kuma ko da dokar ta yi shiru, tsoron Allah ya isa ya hana mu.

A shekarar 1988 aka shigo da dubban ganguna na sharar masana'antu mai guba daga Italiya, aka jibge su a wani fili a garin Koko, wanda yanzu yake Jihar Delta. Da asiri ya tonu ƙasa ta ɗauki zafi. A shekarar ce gwamnatin soja ta fitar da doka mai lamba 42, wadda ta yanke ɗaurin rai da rai ga duk wanda ya ɗauko shara mai guba, ko ya ajiye ta, ko ya zubar, ko ya yi cinikinta ba bisa ƙa'ida ba. Har gobe dokar tana aiki. A 2007 aka kafa hukumar NESREA domin tilasta bin dokokin muhalli a ƙasa baki ɗaya, mu kuma a nan Jihar Kaduna muna da KEPA, hukumar kare muhalli ta jiha.

Waccan gubar baƙo ne ya kawo mana. Ta yau kuwa mu ne muke zubar da ita a ƙofar gidajenmu.

Ku dubi batir. Tun da sola ta yawaita, matattun batura sun cika gari. Sai ka ga matashi ya fasa batir da guduma, ya tsiyaye ruwansa a kwata, ya hura wuta ya narka dalmar a tsakiyar unguwa, yara na wasa a gefe. Dalma ba ta ruɓewa. Ƙurarta tana kwanciya a ƙasa shekara da shekaru, tana maƙalewa a riga da farce, ka shiga gida da ita ba ka sani ba. Yaro mai rarrafe kuwa komai ya taɓa baki zai kai. Idan ta shiga jininsa ƙwaƙwalwa take taɓawa, abin da ta ɓata kuma ba ya gyaruwa. Wani yaron ba zai kwanta ciwo ba ma, sai dai a ga karatu ya gagare shi, a riƙa dukansa ana kiransa daƙiƙi, alhali ubansa ne ya kawo masa cutar a jikin rigar aiki.

Wanda yake ganin na zuzuta abin ya tuna Zamfara a 2010. Masu haƙar zinare sun riƙa kai duwatsu cikin gida suna niƙawa, ashe akwai dalma a ciki. Yara sama da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta, sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. A 2015 aka sake ganin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta maƙwabciyarmu Neja. Iyayen nan ba mugaye ba ne, abinci suke nema kamar mu.

Ga kuma ƙona waya don ciro jan ƙarfe, da babbake ganda da tsohuwar taya, da baƙin mai da ake kwararawa a magudana. Da ruwan farko ya sauka duk ya gangara Kogin Kaduna, inda 'yan lambu ke ban ruwan alayyafo da latas ɗin da muke saye a kasuwa.

Na san abin da wasunku za su ce: manyan masana'antu sun fi mu ɓarna, kuma ba a kama su. Akwai gaskiya a ciki, tilasta doka a ƙasar nan yana da rauni, kuma ya kamata mu ɗaga murya a kai. Amma laifin babba ba ya wanke na ƙarami, kuma Manzon Allah (SAW) ya hana cuta da cutarwa ba tare da ya ware mai ƙaramin jari ba.

Don Allah ku daina fasa batir. Ku sayar da shi yadda yake, da ruwansa a ciki, ga masu lasisin sarrafa shi. Waya a fere ta da wuƙa, ba sai an ƙona ba. Baƙin mai a tara a jarka. Masu zubin tukwane ku tantance ƙarfenku, kada dalma ta shiga abin da za a dafa abinci a ciki. Kwalbar maganin feshi kuma ba mazubin ruwan sha ko man gyaɗa ba ce, ko sau nawa aka wanke ta. Idan an tashi aiki a bar kayan aiki a shago, a yi wanka kafin a ɗauki yaro. Wanda ya ga ana narka dalma kusa da gidaje ya fara yi wa mai yin magana cikin mutunci, in ya ƙi a je wurin mai unguwa, daga nan sai KEPA.

Ku da kuka daɗe a sana'ar batir, ku kai 'ya'yanku babban asibiti ku nemi a auna dalma a jininsu, ko da kuwa ba su nuna alamar ciwo ba.