Nokawut ɗin Asuba Ya Ishe Ni a San Pedro

San Pedro La Laguna gari ne mai daɗin zama, ɗan ƙarami a bakin tafkin Atitlan a ƙasar Gwatamala. Koyon Sifaniyanci ya kawo ni, don makarantun nan na da araha: malami ɗaya, ɗalibi ɗaya, awa huɗu kowace safiya. Amma wallahi nokawut ɗin asuba ya kai ni bango.

Al'adarsu ce, in ranar haihuwar mutum ta zagayo, tun gari bai waye ba 'yan uwa za su shimfiɗa doguwar igiyar nokawut a ƙofar gidansa su cinna mata wuta. Wannan ma da sauƙi. Akwai manya da ake durawa a bututun ƙarfe a harba sama, ƙarar ta daki dutsen da ke bayan gari ta dawo maka har cikin ƙirji. Karnuka su ɗauka, zakaru su amsa. Da safe layi cike da gutsattsarin jar takarda, ga ƙaurin albarushi.

Ƙarfe takwas kuma malama na jirana da sauye-sauyen aikatau, ido na yaji, kai ya ƙi ɗauka.

Na kai kuka wurin uwar ɗakina, matar gidan da na sauka. Ta ce, "Ɗana, murna ce." Ban ƙi murna ba, Mama, amma akwai jarirai da marasa lafiya a unguwar. Me zai ragu in an jira rana ta fito? Ga bikin waliyyin garin na tafe ranar 29 ga Yuni, kuma maƙwabta sun ce lokacin ne abin yake ƙazanta.