Kafin a Rubuta "Muna Tallafa Masa", a Faɗa Mana Wa Zai Riƙe Shi

A babbar manhajar NixOS, wadda nau'i ce ta Linux, layi ɗaya ya isa mutum ya gaya wa kwamfutarsa irin tsarin fayil ɗin da za ta yi aiki da shi. Zai buɗe fayil ɗin saituna na configuration.nix, ya rubuta sunan tsarin, kamar zfs ko btrfs, a ƙarƙashin boot.supportedFilesystems, ya sake gina tsarin, shi ke nan. Sauƙin nan ne ya ja mutane da yawa zuwa gare ta. Shi ne kuma yake rufe musu ido daga ganin aikin da ke ƙarƙashin layin, da mutanen da ke yin sa ba tare da albashi ba.

Tsarin fayil shi ne kundin da ke riƙe da bayanin inda kowane hoto, kowace takarda, kowane saƙo yake a kan faifai. In kundin ya ɓata, kayan suna nan kwance amma babu mai iya gano su. Don layin nan ɗaya ya yi aiki, akwai wani modul, wato guntun manhaja, a cikin nixpkgs, rumbun manhajojin NixOS, da ke ɗauko direban tsarin fayil ɗin da ya dace da kenel, wato zuciyar Linux, ya cusa shi cikin ƙaramin tsarin da ke fara tashi kafin babban, ya haɗo kayan duba faifai da gyara shi, ya tsara lokacin da za a nemi kalmar sirri in faifan a kulle yake. Wani mutum ne ya rubuta wannan modul. Wani kuma dole ya ci gaba da bin sa duk lokacin da kenel ko systemd, manhajar da ke tayar da sauran sassan tsarin, suka sauya hali.

Ra'ayina shi ne, bai kamata wata buɗaɗɗiyar manhaja ta karɓi modul na tsarin fayil ba sai da sunan masu kula da shi, aƙalla biyu, da gwajin da ke gudana da kansa. In kuma an karɓa, kada a cire shi sai da dogon gargaɗi. Na san wannan zai yi wa wasu tsauri, amma labarin tsarin fayil na bcachefs ya ishe mu hujja.

Kent Overstreet ya shafe shekaru yana gina bcachefs kafin a shigar da shi cikin Linux 6.7 a watan Janairun 2024, da tambarin cewa na gwaji ne. Masu son sabon abu suka rungume shi, manhajoji irin su NixOS suka sauƙaƙa hanyar ɗora shi. Ba a jima ba saɓani ya kunno kai tsakanin Overstreet da Linus Torvalds, jagoran kenel ɗin Linux, a kan ƙa'idar aiki: me ya halatta a turo bayan an rufe ƙofar karɓar sababbin abubuwa, gyaran kuskure kaɗai ko har da ƙari? A 2025, cikin Linux 6.17, aka yi masa alamar cewa a waje ake kula da shi, a 6.18 kuma aka cire shi gaba ɗaya. Ko shekara biyu bai cika a ciki ba. Ba ni da niyyar raba gardama a kan wa ke da gaskiya tsakanin mutanen biyu. Abin da ya dame ni shi ne wanda rigimar ta faɗo wa a ka: mai kula da modul a can ƙasa, wanda ba a yi shawara da shi ba, amma ya wayi gari dole ya sake tsara yadda za a gina direban a wajen kenel, in ba haka ba kwamfutocin mutane su ƙi tashi.

Wannan hanyar ta wajen kenel ba sabuwa ba ce, masu ZFS sun daɗe a kanta. Kamfanin Sun Microsystems ya saki ZFS a 2005 ƙarƙashin lasisin CDDL, wanda bai jitu da lasisin GPL na Linux ba, don haka har yau ba ta shiga kenel ba. Duk lokacin da sabon Linux ya fito, kusan kowane mako tara zuwa goma, sai masu OpenZFS, wato masu kula da ZFS a yanzu, sun bi sawu sun daidaita, kuma akan samu tazara. A cikin tazarar nan mai kula da modul ne ke tsaye a tsakiya, yana hana mai amfani ya haɗa sabon kenel da ZFS ɗin da ba ta san shi ba.

Wani zai ce, to ai NixOS tana da maganin wannan. Duk sabuntawa tana barin tsohon tsari a jerin zaɓin da ke fitowa in an kunna kwamfuta, in sabon ya ƙi sai a koma na jiya. Gaskiya ne, kuma abin yabo ne. Sai dai a nan ne tsarin fayil ya bambanta da sauran manhajoji. A ɗauka mutum ya sabunta, komai ya tashi lafiya, ZFS ta nuna masa cewa akwai sababbin fasaloli da zai iya kunnawa, ya buga zpool upgrade. Bayan kwana uku ya lura katin sautinsa ya daina aiki a sabon kenel, ya ce bari ya koma tsarin makon jiya. Ya zaɓa, ya danna. Allon ya yi baƙi, rubutu ya tsaya cak, tsohuwar ZFS ta ƙi buɗe rumbun saboda an fara amfani da fasalin da ba ta sani ba. Manhajar ta koma baya, faifan bai koma ba. Abin da aka rubuta a faifai ya rubutu, bakin alƙalami ya bushe. Mai kunna waƙa in ya lalace sai a sauya wani, amma wannan ya tsare ƙofar duk abin da mutum ya mallaka a na'urar.

Shi ya sa nake ganin inda modul ya fi amfani shi ne wajen ƙin yarda. NixOS tana da hanyar da modul zai dakatar da ginin tun kafin a kashe kwamfuta a kunna. Wanda ya nemi ZFS bai sa networking.hostId ba, ginin zai tsaya ya gaya masa dalili a fili. Ƙaramin abu ne, amma ya fi dogon bayani a littafin jagora da ba kowa ke karantawa ba. Irin wannan shingen kuwa ba ya rubuta kansa. Sai wanda ke amfani da tsarin fayil ɗin kullum, ya san ramukansa, shi zai san inda za a kafa shi. Modul ɗin da mai shi ya tafi yana iya ci gaba da ginuwa shekara guda ba tare da ƙorafi ba, alhali shingayensa sun tsufa, ba sa tare komai.

Akwai ƙorafi mai nauyi a kan matsayina, kuma ba zan raina shi ba. Masu wannan aiki 'yan sa-kai ne, babu wanda ke bin su bashi. In aka ce sai mutum biyu da gwaji, sabon tsarin fayil zai daɗe a bakin ƙofa, kuma ba ya nuna sai an gwada shi a kan injuna na gaske. Btrfs ta shiga kenel a 2009, amma sai 2020 Fedora, wata babbar manhajar Linux, ta mai da ita zaɓin farko a kwamfutocin tebur. Da ba a samu masu ƙarfin halin gwada ta a tsakani ba, da ba ta kai nan ba. Na yarda. Amma ba cewa na yi a hana gwaji ba. A bar mai so ya ɗauko modul ɗin daga waje, da hannunsa, yana sane da abin da ya ɗauka. Abin da nake ƙi shi ne a jera na gwaji da ext4, wadda ta zauna da gindinta tun 2008, a jeri ɗaya, da kalma ɗaya, kamar nauyinsu ɗaya.

Batun mutum biyu kuma ba don a ƙara wa kowa wahala ba ne, don a rage ne. A watan Agustan 2023 Darrick Wong ya sauka daga kula da tsarin fayil na XFS, ya ce gajiya ta cim masa, aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Wannan fa XFS ce, mai manyan kamfanoni a bayanta. Ina ga ɗan sa-kai da ke duba rahoton kurakurai da daddare bayan ya tashi daga aikinsa na neman abinci? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ba a samu na biyu ba, wannan kansa labari ne da ya kamata mai amfani ya ji kafin ya zuba bayanansa.

Cirewa kuma tana da nata ladabi, kuma kenel ɗin ya nuna yadda ake yi. An ayyana tsarin fayil na ReiserFS a matsayin wadda za a yi ritaya a 2022, duk wanda ya buɗe faifanta yana ganin gargaɗi da shekarar da za a cire ta, sannan aka cire ta a Linux 6.13 a farkon 2025. Tsohon fasalin XFS na huɗu an sanar da ƙarshensa tun 2020, wa'adinsa sai 2030. NixOS kuwa sau biyu take fitowa a shekara, Mayu da Nuwamba, kuma kowace fitowa kimanin wata bakwai ake kula da ita. Wanda ke da faifai takwas cike da bayanai ba zai ƙaura a ƙarshen mako ba. Sai ya nemi inda zai juye su, ya tabbatar kwafin ya yi daidai, sannan ya goge na asali. Gargaɗin fitowa ɗaya bai ishe shi ba. A ba shi biyu, a sa gargaɗin ya fito a allonsa duk lokacin da ya sake gina tsarin, da sunan sigar da za a rufe ƙofa a cikinta.