Kawu, To Annabi Adamu Fa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya da daddare na yi wani abu da har yanzu yake ci mini rai, na ga gara in faɗe shi a nan ko wani zai tsira daga irinsa.

Bayan Isha'i muna zaune a tsakar gida, an ɗauke wuta, an kawo tuwon masara miyar kuka, mun haska fitilar waya mun jingine ta da buta. Ɗan yayata yana cikinmu. Ajin ƙarshe yake a sakandare, jarrabawa ta matso, kullum littafin bayoloji na hammatarsa. Yaro ne mai kunya, mai kiwon tattabaru, in ba ka yi masa magana ba sai ya wuni bai ce uffan ba. Ya kai loma biyu ko uku, sai ya ɗago ya ce, "Kawu, an koya mana cewa halittu suna sauyawa a hankali, wai har mutum ma asalinsa ɗaya da wasu dabbobi. To Annabi Adamu fa?"

Ban bari ya rufe baki ba. Na ce, "Kai, rufe mana baki! Biri ne kakanka? Bokon naka kafirci zai kai ka?" Ƙannensa suka fashe da dariya, ɗaya har yana tsalle yana kwaikwayon biri. Shi kuwa ya dubi lomar da ke hannunsa, ya mayar da ita cikin kwano, ya wanke hannu, ya ce "a yi haƙuri," ya tashi. Yaya tana bakin murhu, ba ta ce komai ba sai, "Ka kyauta."

Wajen sha ɗaya na fito zan kewaya, na ga haske a cikin gidan sauronsa. Yana kwance da waya, wani Bature yana masa bayani cikin murya mai sanyi, da hotuna, da murmushi. Na tsaya na ɗan saurara ta taga. Tambayar da ya yi mini ita ake amsa masa, sai dai mai amsawar yana kammala kowace gaɓa da yi wa masu addini ba'a. Ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi. Ni na kore shi daga kan tabarma, wancan ya shimfiɗa masa darduma.

Na koma ɗaki na kasa barci, na tambayi kaina: me ya ba ni haushi? Kishin addini ne? Wallahi a'a. Ban san amsar ba ne. Tabarmar kunya na naɗe da hauka, na fake da addini, na kira borin kunyata kishi. Kuma na san ba ni kaɗai ba ne. Mu da yawa haka muke, a gida, a majalisa, a islamiyya, a nan Facebook. Yaro ya yi tambayar da ta fi ƙarfinmu, maimakon mu ce "ban sani ba, zo mu je wurin malam," sai mu ɗaga murya. Ƙarar murya ta zama hujjarmu.

Don Allah mu daina.

Ba aƙida na zo koya wa kowa ba. Duk mun san Allah ne Mahalicci, mun san abin da Ya faɗa game da Annabi Adamu, cewa daga yumɓu Ya halicce shi, Ya hura masa rai, Ya umarci mala'iku su yi masa sujada. A kan haka muke, a kan haka muke fatan mutuwa. Yaron nan ma a kan haka yake, ai shi ya sa ya yi tambayar. Da bai damu da Annabi Adamu ba, da ya haddace darasin ya ci jarrabawa ya wuce abinsa. Imaninsa ne ya motsa, ni kuma na mare shi a daidai wurin.

Ku tuna sahabban da suka zo wurin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, suka ce suna jin wasu abubuwa a ransu da suke ganin girman furta su. Bai kore su ba. Ya tambaye su ko da gaske sun ji hakan, suka ce e, ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Hadisin yana cikin Muslim. Annabi Ibrahim, badaɗin Allah, ya ce, "Ya Ubangijina, nuna mini yadda Kake rayar da matattu." Aka ce ba ka yi imani ba ne? Ya ce na yi, sai dai don zuciyata ta natsu. Aka nuna masa da tsuntsaye huɗu. Ni wane ne da zan yi wa yaro ɗan shekara goma sha bakwai tsawa don ya nemi natsuwar zuciya? Ga kuma kalmar da na jefa, kafirci. Mun san hadisin da ya ce wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, kalmar za ta koma kan ɗayansu. Mun haddace shi, muna karanta wa wasu, amma bakinmu ya saba da ita kamar sallama.

Da safe na ɗauki littafinsa da ya bari a kan benci na zauna na karanta babin. Kunya ta ƙara kama ni, domin abin da na zage shi a kai ma ba haka aka rubuta ba. Shi Darwin ɗin da ake jingina wa wannan ra'ayi na sauyawar halittu, mutumin Ingila ne, ya yi shekara biyar yana yawo a jirgin ruwa daga 1831 zuwa 1836, yana tara tsuntsaye da ƙwari da duwatsu, bai fitar da littafinsa ba sai 1859. Kuma bai ce birin da muke gani a dawa shi ya haifi mutum ba. Abin da masu wannan ra'ayi suke cewa shi ne mutum da manyan birai sun haɗa tushe ɗaya tun shekaru miliyoyi. Wannan ɗin ne inda muke tsayawa mu ce mu ga abin da wahayi ya gaya mana game da babanmu Adamu. Amma a ƙalla ka san abin da mutum ya faɗa kafin ka yi masa raddi. Idan ka ce wa ɗalibi "sun ce biri ne kakanka," shi kuma ya karanta ya ga ba haka suka ce ba, me kake so ya ɗauke ka? Daga ranar ya sa ka cikin masu magana ba bincike, gobe ko gaskiya ka faɗa masa a kan sallah sai ya yi ɗar-ɗar.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ashe shi Darwin tattabaru ya kiwata, kuma da maganar kiwon gida ya buɗe littafin nasa. Tattabaru fa! Yaron da na kora ya fi ni sanin wannan. Ya san in ya haɗa wannan da waccan ga irin 'ya'yan da za su fito, ya san wadda zai ware in yana son fari tas. Bafulatani ya san yadda ake zaɓar bijimi, shi ya sa bunaji daban, rahaji daban, balami ba ya kama da uda. Manomi yana ware zangarniyar da ta fi kyau ya ajiye iri. Duk cikinsu ba wanda ya taɓa jin imaninsa ya girgiza don ya ga iri yana sauyawa.

Waɗanda suka girma kafin shekarun 2000 sun san kulorokwin. Ƙwaya ce mai ɗaci, wasu ta sa su ƙaiƙayi, amma in ka sha zazzaɓi ya tafi. Daga baya ta daina aiki, har Najeriya ta sauya maganin zazzaɓin cizon sauro a wajen 2005. Ƙwayar ba ta lalace ba, ƙwayoyin cutar ne waɗanda suka iya jure mata suka rayu suka hayayyafa, raunanan suka mutu. Haka sauro yake yi da maganin feshi. Haka likitoci suke ta roƙonmu mu daina yanke shan magani a tsakiya. Sikila ma da muke gwajin jini saboda ita kafin aure, masana sun gano tun 1954 cewa mai AS ya fi samun kariya daga zazzaɓi mai tsanani, shi ya sa ta yawaita a ƙasashen sauro irin namu. Wannan duk yana cikin babin da na kira kafirci. To wanne ne kafircin a nan? Ni dai abin da na gani ikon Allah ne da sunnarSa a cikin halittarSa, kamar yadda girgije yake haɗuwa a yi ruwa, mu kuma mu ce Allah Ya yi ruwa, ba mu yi ƙarya ba.

Kuma ba a Turai kaɗai abin yake ba, balle mu ce tatsuniyar Nasara ce. A ƙasar Sakkwato an tono ƙasusuwan wata dabbar teku da suka zama dutse, har aka raɗa mata suna da sunan Goronyo. Teku a Sakkwato! A hamadar Nijar, can ƙasar Agadas, an kwaso ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe, wasu suna gidan tarihi na Yamai, kowa yana iya zuwa ya gani da idonsa. A arewacin Chadi, a 2001, aka tsinci wani ƙoƙon kai da aka sa wa suna Tumai, masana suka ƙiyasta masa shekara kusan miliyan bakwai, suna ta muhawara a kansa har yau. Yaranmu suna ganin waɗannan a waya. Idan duk amsar da muke da ita ita ce "ƙarya ce, Yahudawa ne suka binne," to mun ba da su kyauta. Allah da kanSa Ya ce a Suratul Ankabut mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda Ya fara halitta. Wasu sun tafi sun duba, mu muna zaune a majalisa muna zaginsu.

Kar wani ya ce na sallama. Ban sallama ba. Akwai wurin da maganar take da nauyi da gaske, wurin asalin ɗan Adam, kuma masu kimiyya ba da wasa suke riƙe da nasu ba, suna da ƙasusuwa, suna da gwaje-gwajen ƙwayoyin gado. Mu kuma muna da maganar Wanda Ya yi halittar, Wanda Ya ce bai sa kowa shaida ba ranar da Ya halicci sammai da ƙasa. Wannan wuri malami yake so, wanda ya san tafsiri ya kuma zauna ya fahimci abin da ake koyarwa a aji, ya rarrabe wa yaro abin da aka gani da ido da abin da aka ƙiyasta, ya nuna masa inda kimiyya ta tsaya da inda wani ya ɗora mata nasa ra'ayin cewa babu Mahalicci. Domin wannan maganar ta ƙarshe ba a taɓa auna ta a ɗakin gwaji ba. Aikin natsuwa ne, ba aikin kawun da ya cika ciki da tuwo ya hau faɗa ba.

Imam Ghazali, wanda ya rasu tun 1111, ya yi wannan gargaɗin a kan masu ƙaryata lissafin husufin rana da wata da sunan kare addini. Ma'anar maganarsa ita ce, ɓarnar da mai kare addini ta hanyar da ba ta dace ba yake yi ta fi ta mai sukar addinin. Sama da shekara ɗari tara ke nan, kamar da ni yake.

Ku ma 'yan boko, ƙannena, ban manta da ku ba. Wani daga ya yi zango ɗaya a jami'a sai ya dawo yana yi wa tsohonsa murmushin raini, yana jefa tambaya ba don neman sani ba, don dai ya ga malam ya daburce. Ku ji tsoron Allah, babi ɗaya kuka karanta. Amma yau ba da ku nake ba. Da mu nake, manya, masu gemu da furfura, waɗanda "ban sani ba" ta fi dutse nauyi a bakinmu. Imam Malik an yi masa tambayoyi da yawa ya ce bai sani ba, kuma darajarsa ba ta ragu ba. Allah Ya ce kada ka bi abin da ba ka da ilimi a kansa. Ya ce a yi jayayya da abin da ya fi kyau, kuma wannan da waɗanda ba su yi imani ba ma ake nufi, ina ga ɗan cikinka?

Iyaye mata, ku ma. Malaman islamiyya masu dorina, ku ma. Yarinya ta tambaya a aji, an ce "wa ya koya miki wannan?", aka sa 'yan aji suka yi mata ihu. Ba za ta sake tambaya ba, kai kuma ka ɗauka ka gyara ta. Shirun nan ba shiriya ba ne. Tambayar tana nan, ta koma ƙarƙashin bargo ne da waya, inda ba ka nan.

Don girman Allah, in yaro ya zo da irin wannan, ka ajiye abin da ke hannunka. Ka ce ya maimaita. Ka ce masa tambayar tana da kyau. In ba ka sani ba ka faɗa, ba a mutuwa. Ka riƙe hannunsa ku nemi wanda ya sani, in na farko ya yi muku tsawa ku wuce gaba.

Ɗazu da hantsi na same shi a bayan gida yana watsa wa tattabarunsa dawa. Na tsuguna kusa da shi, na ce, "Jiya ban kyauta ba, ka yafe mini. Tambayarka ban san amsarta duka ba, amma ranar Asabar za mu je wurin wani malami tare." Bai dube ni ba. Ya ci gaba da watsa dawar, ya ce, "Ba komai, Kawu, ai na ma daina tunanin abin."

Na san bai daina ba. Ku taya ni addu'a ya yarda ya bi ni ranar Asabar ɗin.