Wasiyya ba ta bin wanda ya riga mai ita rasuwa

Abin da ke neman zama ruwan dare a Kano, musamman tsakanin attajiran kasuwannin Kantin Kwari da Singa, shi ne mutum ya sa lauya ya rubuta masa wasiyya, ya kulle ta a akwati, ya yi shekara da shekaru bai waiwaye ta ba. Sai ranar rabon gado a tarar yaron shagon da aka yi wa wasiyyar rumfa ya riga maigidan rasuwa, 'ya'yansa kuma su taso da takarda a hannu suna neman haƙƙin ubansu, ga masu zuga su su tafi kotu.

Babu wani haƙƙi a nan. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'ar Musulunci na Kano ke hukunci da ita, wasiyya ba ta zama mallaka sai bayan mai ita ya rasu, domin muddin yana raye yana da ikon janye ta ko sauya ta. Saboda haka idan wanda aka yi wa ya riga shi, wasiyyar ta faɗi, rumfar ta koma cikin dukiyar magada. Da ma a ce ya rasu ne bayan maigidan, ko da bai kai ga karɓa ba, to magadansa za su tsaya a madadinsa.

Masu kafa hujja da dokar wasiyya ta Ingila ta 1837 ko karanta ta ba su yi ba, domin sashe na 33 zuriyar mai wasiyyar kaɗai ya tsare daga faɗuwar wasiyya, ban da bare. Masu kiran a kwaikwayi Masar, wadda ta wajabta wasiyya ga jikoki marayu a 1946, su ma wata magana daban suke yi.

Abin takaici shi ne, mai dukiyar ne ya yi sakaci, amma alƙali da magada ake zagi da rashin tausayi. Ya halarci jana'izar yaronsa, ya san ya bar marayu, sulusin dukiyarsa da shari'a ta ba shi damar yin wasiyya da shi kuma yana hannunsa, tunda yaran ba magadansa ba ne balle a ce an haramta yi musu wasiyya. Me ya hana shi kiran shaidu biyu ya sa sunayensu? Lauyan da ya karɓi kuɗi bai rubuta wanda rumfar za ta koma wa ba idan yaron ya riga rasuwa, shi ma yana da alhaki, kuma ya kamata limamanmu na Juma'a su fara taɓo wannan a huɗuba.