In ba za ka iya naɗe kaya ba, kada ka karɓi kuɗin mutane

Na ga hoton sikirin ɗin nan da aka aiko wa wani ɗalibi daga Legas ya iso Kano a fashe, wanda ake ta gardama ko laifin direba ne ko na mai sayarwa, ku ma kun gani, kuma na karanta duk abin da aka yi ta faɗa a ƙarƙashinsa tun daren jiya. Ni hukuncina ɗaya ne: laifin mai sayarwa ne, ɗari bisa ɗari. A ƙyale direba ya huta. Mutumin da ya ɗauki Raspberry Pi, wato 'yar ƙaramar kwamfutar nan da ke kan bod (faifan kayan lantarki) guda, da allon gilashi (sikirin) mai inci 7, ya haɗa su a baƙar leda guda, ya cusa a ambulan, ya zagaye da salatif, ya miƙa a tasha a Legas wai a kawo Kano, shi ya fasa allon nan. Tun mota ba ta tashi ba ya gama fasa shi. Ku ƙara duba hoton da kyau. Tsagewar ta fara ne daidai inda ƙafafun nan 40 na saman bod ɗin suka hau kan gilashin, har da 'yan ɗigo-ɗigon da suka bari a jere, layi biyu. Ƙafafun ma huɗu ko biyar sun kwanta. Babu kwali, babu soso, ko tsohuwar jarida babu a tsakaninsu. Kuma yaron nan ɗalibi ne, aikinsa na kammala karatu ne, kuɗin nan tara su ya yi. Sannan kai mai sayarwa ka buɗe baki ka ce masa "ai lafiya lau ya bar hannuna"? Wallahi abin ya ɓata min rai.

Naɗin kaya yana cikin ciniki. Wanda ya sayar maka da abu daga nesa, bai gama sayarwa ba sai ya shirya shi yadda zai iso hannunka yana aiki. Kuɗin da ka tura masa na abu mai aiki ne a Kano, ko a Zariya, ko a Maraɗi, duk inda kake. Aikin da abin ya yi a kan teburinsa a Ikeja bai amfane ka da komai ba.

Masu cewa direba ne, don Allah ku taɓa tsayawa a tasha ku kalli yadda ake lodi. Tafiyar wajen kilomita 1,000 ce. Saƙonka zai shiga but tare da buhuna da jarkoki da akwatunan fasinja, wani lokaci har da injin janareto a kansa. Ɗan lodi zai jefa, yaron mota zai danna da gwiwa don ƙofa ta rufu, mota ta faɗa rami a kan hanya, komai ya yi sama ya dawo. In an iso a sauke a ƙasa, ya zauna a ofishin tasha a ƙarƙashin wasu saƙonnin har ka zo karɓa. Haka abin yake tun fil azal, kuma mai sayarwa ya sani sarai, domin da ƙafarsa ya je tashar. Direba bai san mene ne a cikin ambulan ba, kuma ba aikinsa ba ne ya sani. Mai ƙwai ma da ke aiko da ƙwai daga gona ba ya zuba su a buhu ya ce direba ya yi a hankali. Kowane ƙwai da gurbinsa a kiret, ya ɗaure, sannan ya miƙa.

Ko a ƙasashen da titinsu ba rami, ba a dogara da tausayin mai ɗaukar kaya. Akwai wata ƙungiya a Amurka mai suna ISTA, aikinta tsara gwajin naɗin kaya. A gwajinta mafi sauƙi, kwalin da bai kai kilo 9 da rabi ba ana sakinsa ne daga tsayin santimita 76, har sau 10: sau ɗaya a kan kusurwa, sau uku a kan gefuna, sau shida a kan fuskokinsa shida. In abin da ke ciki ya tsira, naɗin ya ci jarrabawa. Wato su tun farko sun ɗauka cewa kwalin zai faɗi, sai suka shirya masa. Kai da kake aikowa ta motar haya, me ya sa za ka ɗauka naka ba zai faɗi ba? Kafin ka kai tasha, riƙe kwalin daidai ƙugunka ka tambayi kanka: zan iya sakinsa ƙasa yanzu hankalina kwance? In gabanka ya faɗi, koma ka sake naɗi.

Kuma abin ba wani ilimi mai zurfi ba ne. Kowane abu a naɗe shi shi kaɗai, kada ƙarfe ya taɓa gilashi. Ƙafafun bod a soka su cikin soso don kada su lanƙwashe. Allo a sa shi tsakanin yankan kwali biyu masu ƙarfi da suka ɗan fi shi faɗi, domin gilashi ya fi tsoron lanƙwasa da bugun kusurwa. Siririyar wayar nan mai kama da kintinkiri da ke haɗa allo da bod, a cire ta a shimfiɗa, kada a ninke. Sai a samo kwali na gaske, a bar tazarar santimita 5 a kowane ɓangare tsakanin kaya da bango, a cike ta da soso ko takarda da aka dunƙule. Manyan kamfanonin aika saƙo na duniya abin da suke ba da shawara ke nan, santimita 5, kuma in abin mai tsada ne a sa ƙaramin kwali cikin babba. In ka rufe, ɗaga ka girgiza kusa da kunnenka. Ka ji wani abu ya yi ƙwas-ƙwas? Buɗe, ba ka gama ba. Abin da ke motsi a cikin kwali shi ke karyewa. Daga nan a bi tsakiya da bakuna biyu da salatif mai faɗi, sama da ƙasa. In damina ce a ƙara leda a waje, don ruwa ba ya sallama.

Amma abin da ya fi damuna ma ba gilashin ba ne. Gilashi in ya fashe kowa ya gani, a yi rigima a wuce. Akwai ɓarnar da ido ba ya gani, kuma wannan baƙar ledar ita ce uwa-uba.

Kun san tartsatsin nan da ke kama mutum da hunturu, ka taɓa ƙofar mota ko ka miƙa hannu za ka gaisa ka ji tas? Lantarki ne da ke taruwa a jiki saboda gogayya da busasshiyar iska. Kafin mutum ya ji shi sai ya kai wajen bolt 3,000. Wasu ƙananan kayan lantarki kuwa abin da bai kai bolt 100 ba ya isa ya huda musu ciki. Ke nan kana iya kashe IC, wato 'yar ƙwaƙwalwar lantarkin da ke kan bod, ba ka ji komai ba, ba ka ga komai ba. Masana wannan fanni sun auna: ɗaga leda ta yau da kullum daga kan tebur kawai, in iska ta bushe, yana iya tara bolt 20,000, in akwai danshi ya tsaya wajen 1,200. To a Kano da hunturu danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Yanzu ka kwatanta bod tsirara a cikin leda, yana gogayya da ita a but tun daga Legas, har a zo a buɗe shi a busasshen ɗaki a watan Janairu. Wani lokaci bod ɗin ya mutu nan take. Wani lokaci kuma, wanda ya fi muni, ya kama aiki kamar lafiya, sai bayan wani lokaci ya fara shirme: ƙafa ɗaya ta daina amsawa, ko ya riƙa kashe kansa yana tashi. Yaro ya kwana yana zargin umarnin da ya tsara wa bod ɗin, yana goge abin da ya rubuta yana sakewa, ya ɗauka shi ne bai iya ba. Da yawa a nan suke karaya su bar harkar gaba ɗaya. Wannan ya fi asarar kuɗi ciwo a wurina, domin mu masu wannan harka a nan ba mu da yawa, duk yaron da ya fara taɓa ƙananan bod irin su Arduino ko ESP32 ya kamata mu riƙe shi hannu biyu.

Maganin kuwa leda ce ta musamman, wadda duk mai sayar da waɗannan kaya ya santa, don a cikinta aka kawo masa su. Mai ruwan azurfa, mai ƙyalli, wadda ake ɗan hango abin da ke ciki. Tana da siririn shimfiɗin ƙarfe a jikinta da ke tare tartsatsi daga waje. Akwai kuma mai ruwan hoda: ita ba ta tara lantarki da kanta, amma ba ta tare wanda ya zo daga waje, saboda haka ba ta maye gurbin ta azurfa. Ledar nan mai ƙurajen iska da yara ke son fasawa, in fara ce ta gama-gari, tana kare bugu amma tana tara lantarki, don haka a waje take zama, bayan an riga an sa bod cikin ta azurfa. Haka farin soson da ke zuwa a kwalin talabijin, kada ya taɓa bod kai tsaye. IC mai ƙafafu baƙin soso ake soka masa, wanda aka yi don haka. Abin takaici, wasu masu shagon su ke yage ledar azurfar da hannunsu don su ɗauki hoton tallan da zai yi kyau, su wurgar, in an saya kuma su lalubo ledar da suka sayo burodi da safe.

Na ga wani ya rubuta cewa kwali da soso kuɗi ne, riba ba ta da yawa. To ka ɗora a kan farashi! Ka faɗa wa mai saye kuɗin naɗi kaza ne. Babu mai hankalin da ya biya dubban nairori a kan bod da zai ƙi ƙara ɗan abin da zai kawo masa shi lafiya. Balle ma kwali kyauta ne a bayan kowane shago a kasuwa. Ganda ce kawai.

Wani kuma ya ce ai daga Sin ma a ambulan ake turo su. Ka buɗe ambulan ɗin ka gani. Mai soso ne a ciki, bod yana cikin ledar azurfa a rufe, ƙafafu a soke. Kuma a manyan kasuwannin intanet na can, in abu ya iso a karye ka ɗauki hoto ka shigar da ƙorafi, akwai hanyar dawo maka da kuɗinka. Kai da ka karɓi kuɗi ta banki ka daina ɗaga waya, da me za ka haɗa kanka da su?

Masu cewa an rubuta "a kula, mai fashewa ne" a jiki, rubutu ba ya tare buhu. Ɗan lodi da ke aiki da asuba ba shi da lokacin karatu.

Masu cewa ƙaddara ce, mun yi imani da ƙaddara, amma Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Kuɗin mutum a hannunka amana ne har kayansa su isa gare shi. Ka yi naka tukuna. In ka naɗe yadda ya kamata, mota ta yi hatsari ko aka yi fashi, babu wanda zai zarge ka, ni ma zan fito in kare ka a nan. Amma baƙar leda da salatif, sannan ka jingina wa Allah? A'a, Malam. Ka mayar wa yaron nan kuɗin allonsa, ko ka aiko masa da wani.

'Yan uwa masu saye, ku ma ku daina jin kunya. Kafin a kai tasha ku ce a turo hoton kayan a cikin kwali kafin a rufe. In saƙo ya iso, ku ɗauki bidiyo tun daga yanka salatif har kunna abin. Wanda ya ji haushin wannan tambaya, ku nemi wani. Sai dai wannan kariya ce kawai, nauyin yana nan a wuyan mai sayarwa.

Tunda an zo nan, bari in taɓa masu batir, don su nasu ya wuce asara, ya kai ga rai. Batirin lithium irin 18650, mai caji, mai siffar batirin tocila, ana zuba su a leda ɗaya da kusoshi da wayoyi kamar gyaɗa, bakinsu a buɗe. Ƙarfe ɗaya ya haɗa kai da jiki, batir ya yi zafi, wuta ta tashi a but ɗin motar da ke cike da mutane. Tun watan Afrilun 2016 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta hana ɗaukar irin waɗannan batura a matsayin lodi a jirgin fasinja, a jirgin kaya ma sai cajinsu bai wuce kashi 30 cikin 100 ba. Mu kuwa ko salatif a baki ba ma sawa. Kowane batir a rufe masa kai da gindi, a sa shi a 'yar robarsa shi kaɗai, kuma a gaya wa direba abin da ya ɗauka. Sannan waɗannan masu rubutun 9,900 mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka) a jiki, ku daina saye. Babu 18650 na gaske da ya kai haka. Na kamfanonin kirki iyakarsu wajen 3,500 ne. Ku ɗora a sikeli: na gaske yakan kai giram 45 ko sama kaɗan, na jabu kuwa sau da yawa da ka ɗauka a hannu za ka ji shi sakayau. Duk wanda ke Kano yana son a gwada masa nasa, ya yi min magana, ina da na'urar auna su.