Ba sai ka goge XML ɗinka ba

Cikin matasan Damagaram masu koyon Java, harshen rubuta manhajar kwamfuta, akwai wata magana da ke yawo: wai duk wanda zai koma rubuta alamomin @Component da @Autowired don saita manhajarsa a Spring (tsarin gina manhaja da Java), sai ya share fayilolin XML, inda aka saba rubuta saitin, kaf rana guda. Ba haka abin yake ba.

Spring 2.5 ne ya kawo waɗannan alamomi a 2007, @Configuration da @Bean suka biyo baya a Spring 3.0 cikin 2009, amma ba wanda ya kori XML. Da alamar @ImportResource kana iya jawo tsohon fayil ɗin saiti, applicationContext.xml, cikin sabon tsari, ka dinga kwashe kaya ɗaya-ɗaya, kana gwadawa. A babbar manhajar kamfani, wannan shi ne hankali.

Ga inda ake tuntuɓe: idan ka saita abu ɗaya ta hanyoyin biyu, na XML ke rinjaye, domin shi ake aiwatarwa daga baya. Sai mutum ya yini yana zargin @Autowired, alhali tsohon layi ne ya manta a fayil.

Masu cewa sauyin zai ƙara wa manhaja gudu kuwa, su ma a'a. Binciken azuzuwa (sassan manhajar Java) da alamar @ComponentScan ke yi don gano masu ɗauke da @Component na iya ma ɗan jinkirta tashinta.