Yadda na ɗura wa kwamfutata antibairos uku

Ni mutum ne da ba ya fitar da kuɗi a kan abin da ba zai iya riƙewa a hannu ba. Buhun gero, na yarda. Tayar mashin, na yarda. Amma a ce duk shekara in zare dubban nairori in biya wani abu da ke zaune cikin kwamfuta, ban taɓa ganin fuskarsa ba, wai yana tsare ni daga wani abin da shi ma ban taɓa gani ba? Wannan ciniki na masu hannu da shuni ne, ba na malamin sakandare mai jiran ƙarshen wata a Katsina ba.

Laftof ɗin ma ta hannu ce, irin wadda ake ce wa Beljiyam, mai Windows 10 da ram (ma'adanar da kwamfuta ke aiki da ita) gig 4. Ban taɓa sakin jiki da ita ba, shi ya sa duk wani abu mai muhimmanci na gidan a filash nake ajiye shi, don shi filash ina iya sa shi a aljihu in shafa in ji yana nan. A ciki akwai tambayoyin jarrabawa, makin ɗalibai, aikin makarantar ɗiyata, hotunan biki, sai kuma lissafin uwargida. Ita tana sayar da atamfa da turaren wuta daga gida, ɗiyarmu ta tsara mata jadawali a Excel: wa ya ɗauka, wa ya biya, wa ke sauya hanya in ya hango ta a gidan suna.

Jarrabawar zango na uku ta ƙarato, na kai filash wani shagon buga takardu wajen Ƙofar Ƙaura a fitar mani da samfurin tambayoyi. Kwamfutar irin wannan shago ba ta mayar da kowa. Ɗalibi mai firojet, mai neman aiki, mai katin ɗaurin aure, kowa da filash ɗinsa, duk rami ɗaya ake cusawa. Da na dawo gida bayan isha'i na jona nawa, sai na ga foldoji suna nan da sunayensu, amma kowace da wata 'yar kibiya a gindinta. Na danna, wani baƙin akwati ya gifta ya ɓace. Na sake dannawa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na danna, don mu malamai ba a san mu da barin tambaya ba amsa ba.

"Malam, buɗe mani lissafina, wata Hajiya daga Rafindaɗi ta ce wai ta biya rabi."

Na ce mata bairos ya cinye komai. Ta yi salati ta dafa ƙirji, ni ma na taya ta da fuskar da ta dace. Sai dai a cikin jadawalin nan akwai wani shafi mai sunana a kai. Cikon kuɗin ragon layya, gyaran mashin, kuɗin makarantar yara na wani zango, duk daga jarinta suka fito da sunan aro. Ba wai na yi murna ba, Allah ya kiyaye. Amma dai a daren nan barci ya yi mani daɗi.

Tambayoyin jarrabawa kuwa ba su ɗaukar wannan haƙuri, don haka washegari bayan la'asar na kai kuka majalisarmu ta ƙofar shagon tela, can wajen Ƙofar Marusa. A majalisa babu wanda ya taɓa cewa "ban sani ba". Tela ya ce antibairos ɗin Avast zan sa, magana ta ƙare. Mai kemis ya ce Avast na yara ne, AVG shi ne na manya. Wani dattijo da ya yi ritaya daga sakatariya ya ce Avira, domin na Jamus ne, kuma wanda ya ƙera Marsandi ba zai yi algus ba. Wani matashin direba ya ce Smadav, kowane shagon buga takardu shi yake sawa, na ce mashi ai daga irin shagon na ɗauko cutar, ya ce to wannan ƙaddara ce. Wani ya kawo Kaspersky na Rasha, aka tuna mashi Amurka ta hana sayar da shi a ƙasarta a 2024, ya ce ai wannan ne shaidar yana aiki. Tela da mai kemis kuwa suka riƙe wuyan juna a kan Avast da AVG, har aka fara tono maganar wani ɗinkin sallah da bai kammala ba tun bara. Kiran magariba ne ya raba su.

A hanyar masallaci wani ya ja ni gefe ya ce yana da na kuɗi wanda aka fasa, lasisinsa ba zai ƙare ba sai jikokina sun yi aure. Na ƙi, saboda kayan sata ne kuma ina tsoron Allah, sannan ga shi ya ce sai na ba shi na goro.

Da na zauna na yi tunani, sai na ga gardamar ma ba ta da tushe. Zaɓe ai sai in kuɗi za a biya. Tunda duk kyauta ne, me ya kai ni ɗaukar ɗaya in bar saura? Abin da wannan bai gani ba wancan zai gani. Har gobe ban ga inda wannan lissafi ya karkace ba. Na ɗauki uku. Ba zan faɗi waɗanne ba, domin kowane mai shawara yana zaton nasa na bi, kuma ina da sauran zama a majalisar.

Na kunna intanet daga waya, na fara saukewa. Nan na gane kyautar ba ta haɗa da data ba, don ta wata guda ta tafi a zama ɗaya. Kowannensu kuma ya zo da 'yan rakiya: wannan burauza, wancan mai share datti, wani mai ƙara gudu. Duk inda aka tambaye ni na danna na yarda. Kyauta ce, wa zai mayar da hannun kyauta baya? Suka ce a kashe a kunna. Na kashe na kunna, na je na yi alwala, na yi sallah, na ci tuwo, na wanke hannu, na dawo na tarar da 'yar da'irar nan tana ta juyawa.

Da ta buɗe daga ƙarshe, na farko ya yi ƙara ya ce ya kama mugun abu. Na duba da murna, ashe fayil ɗin na biyu ya kama. Na biyu ya fito ya ce wani yana ƙoƙarin taɓa shi, in ba shi izini ya tsare mai laifin. Na ba shi. Na uku bai shiga faɗan ba, shi dai ya rufe rabin allo da jan rubutu cewa ina cikin haɗari, in biya in samu cikakkiyar kariya, rangwame zai ƙare yau da dare. Washegari ma rangwamen yau da dare zai ƙare. Fanka ta riƙa huci har daga tsakar gida ana jiyowa, gindin laftof ya yi zafin da ba a ɗora shi a cinya. Na rubuta "Tambaya ta ɗaya", na kurɓi shayi, na ajiye kofi, sannan haruffan suka fara fitowa ɗaya-ɗaya. Filash kuwa yana nan da kibiyoyinsa, babu wanda ya samu sukunin duba shi.

Uwargida 'yar Daura ce. Ta tsaya a kaina ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, ka mayar da kwamfutar nan rijiyar Kusugu, sai ranar Juma'a za a ɗebi ruwa. Bari in kira mai kashe macijin."

Ɗan ƙanwata ta kira, wanda ke karatun kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua. Yaro mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe ni, ya buɗe laftof, ya yi shiru. Na ga kafaɗunsa suna rawa.

"Kawu, wa ya sa maka waɗannan?"

"Masana."

Ya ce kowane antibairos yakan tsaya ne a kan duk fayil ɗin da za a buɗe ya bincike shi tukuna. In sun zama uku, sai su rufar wa fayil ɗaya a lokaci ɗaya, kowa kuma yana ganin motsin ɗan'uwansa irin na bairos ne, ga ram gig 4 kacal. Sannan ya faɗi abin da ya fi ƙona mani rai: Windows tana da nata a ciki, Microsoft Defender, tun daga Windows 8 ta 2012, ba a biyan ko kwabo. Wanda ya sayar mani da laftof ne ya kashe shi don ya samu damar loda manhajojin sata. Kuma ko yana kunne, sai ana sabunta shi ta intanet yake gane sababbin cututtuka, ni kuwa laftof ɗina takan yi watanni ba ta ga intanet ba. Na ce data tsada gare ta. Ya ce haka ne, Kawu.

Na tambaye shi tsakanin tela da mai kemis wa ya fi gaskiya. Ya ce Avast ya sayi AVG tun 2016, injinsu ma ɗaya ne, kuma tun 2022 su biyun da Avira da Norton duk suna ƙarƙashin kamfani guda, Gen Digital. Na sa ya maimaita, na rubuta a bayan ambulan. Wannan labari ba na faɗa da baki kawai ba ne, sai majalisa ta cika.

Smadav kuwa ya ce na Indunusiya ne, kuma shi dama an yi shi ne ya zauna tare da wani babba, ya fi mayar da hankali kan filash. Game da kyauta, ya ce kamfani ba ya aikin Allah-da-Annabi. Wasu da tallar na kuɗi suke ci, wasu da bayanan mutane. A Fabrairun 2024 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta ci Avast tarar dala miliyan 16.5 kan sayar da bayanan shafukan da mutane ke shiga ta wani reshensa, Jumpshot, wanda aka rufe a 2020. Na yi ta mamakin wanda zai fitar da dala don ya san ina duba farashin takin zamani da sakamakon Katsina United.

Na ce to ta yaya mutum zai san mai kyau? Ya nuna mani wata cibiya a Jamus, AV-TEST, da ke yi masu jarrabawa: maki 6 na kariya, 6 na rashin nauyaya kwamfuta, 6 na rashin kama marar laifi, jimla 18. Ya ce Defender yana cikin masu cin maki na sama a 'yan shekarun nan. Ni dai a matsayina na malami ban taɓa jin jarrabawar da ake yi a kan 18 ba, amma na bar su da halinsu.

Cire su ma sai da aka sha fama. Kowanne sai ya tambaya ko mun tabbata, ya tambayi dalili, ya sake kawo rangwame. Yaron ya kunna Defender ya sabunta shi da datarsa, abin da ya ƙara mani ƙaunarsa. Muna jira ya ce Microsoft ta rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma tsohuwar laftof ɗina ba za ta ɗauki Windows 11 ba, amma akwai Linux Mint da ke maye gurbin Windows, kyauta ne.

Na gyara zama. "Kyauta ka ce?"

"Ɗana, rufa mana asiri," in ji uwargida daga bakin ƙofa.

Sai aka zo kan filash. Na ce mashi kada ya wahalar da kansa, abin da ya tafi ya tafi, mumini da haƙuri aka san shi, tambayoyi kuwa zan sake rubutawa. Ya ce a'a Kawu, wannan bairos ɗin shotkot ne, ba ya cin komai. Ɓoye foldoji yake yi ya ajiye na bogi masu kibiya a madadinsu, duk dannawar da na yi kuwa tayar da shi nake yi. Ya bari Defender ya kwashe ƙazantar, ya buɗe baƙin allo, ya shiga filash ya rubuta attrib -h -r -s /s /d, ya danna. Foldoji suka dawo reras. Tambayoyina, makin ɗalibai, hotunan biki.

"Buɗe mani lissafina," in ji ta.

Ya buɗe. Hajiyar Rafindaɗi ba ta biya ko sisi ba. Uwargida ta ce a wuce shafi na gaba, ta jawo kujera, ta sa yaron ya karanto a fili, layi-layi, daga ragon layya har gyaran mashin, da wani dubu 15 da ni kaina na mance na karɓa. Ta ba shi kuɗin mota da kwalbar turare ya kai wa uwarsa, ta ce a ƙara kuɗin motar a shafina tunda aikina ya zo yi. Kafin ya tafi ta sa ya tura mata jadawalin a waya da imel, ta kuma aiki ɗiyarmu shago da safe a bugo kwafi biyu a takarda.